Me Aka Ba Ka? Tarihin Maganin Damuwa da Abin da Ke Jiran Mutum a Ɗakin Mai Ba da Shawara

A ƙasar Adar, duk wanda ya dawo daga neman magani, tambayar da ke tarbarsa a ƙofar gida ita ce: me aka ba ka? Idan daga wurin malam ya fito, akwai rubutu a gora ko laya. Idan wurin boka ya je, akwai ƙullin sassaƙe da turare. Idan kuwa likita ya je, majo ya yi masa allura ko ya rubuta masa ƙwayoyi. Kowa dai yana da abin nunawa. To yanzu ga wani mai magani ya shigo cikinmu, wanda za a zauna da shi kusan awa guda a fito hannu rabbana. Shi ne mai ba da shawara kan damuwar rai, wanda 'yan lakwal ke kira sikolog. Iyayen da aka tura wurinsa da yaro sukan je sau ɗaya, su dawo su ce surutu kawai aka sha, daga nan ba su ƙara komawa. Ni ban ga laifinsu ba. Tarihi ne ya koya musu abin da za su yi tsammani, kuma sai mun bi wannan tarihin kafin mu gane dalilin da ya sa zaman farko ke ba mutane mamaki.

Tun kafin Nasara ya zo, wanda baƙin ciki ya kwantar, ko matar da ta daina magana bayan haihuwa, ko budurwar da ke firgita cikin dare, akan ce iskoki ne. Masu bori ke karɓar irin waɗannan, kuma ƙasarmu na cikin wuraren da aka fi rubuta tarihin abin, domin wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta yi shekaru tana zuwa Adar, har ta fitar da littattafai a kan borin Adar da Kurfai a 1989. Ba na yabon bori, malamanmu sun daɗe da faɗin hukuncinsa. Tsarinsa nake so mu duba. Ba a yin girka a yini ɗaya. Ana keɓe maras lafiya kwanaki, wata babba da ta taɓa shiga irin halin tana kula da ita, a ba ciwonta suna, a faɗa mata abin da za ta kiyaye, sannan ta fito cikin jama'ar da ba za su yi mata dariya ba. Dangi su suka biya kuɗin, su suka kawo dabbar, don haka dole su yarda cewa wani abu na damun 'yarsu. Matar da ba ta da bakin faɗa wa miji ko uwar miji cewa ta gaji, ta samu hanyar da za a saurare ta ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba, tunda ba ita ke magana ba.

Da Musulunci ya kafu, musamman bayan jihadin 1804, sai zauren malam ya zama babbar ƙofa. Kada a ɗauka malaman da ba su san komai ba sai allo da tawada. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, ya yi rubutu a kan ciwon ido da basir da magungunansu. Kuma duk wanda ya taɓa raka wani wurin dattijon malami na kirki ya san cewa kafin a ɗauko alƙalami akwai doguwar hira: ɗan wane ne kai, yaushe abin ya fara, me ke tsakaninka da mahaifinka, kana barci? Sau da yawa rabin sauƙin a nan ake samunsa, amma rubutun ake gani, shi ake ba lada.

Akwai wani malami da ya kamata kowane mai koyarwa ya san sunansa, Abu Zaid al-Balkhi, mutumin Balkh a ƙasar Afganistan ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 934. A littafinsa Masalih al-Abdan wal-Anfus ya raba lafiya gida biyu, ta jiki da ta rai, ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi ɗaya bayan ɗaya. Ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar mutuwa ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana buƙatar magani. Ya ba da shawara mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana da lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata, ya kuma nemi wani amintacce daga waje da zai riƙa yi masa magana, domin mutum ya fi karɓar gaskiya daga bakin wani. Masanin nan ɗan Sudan, Malik Badri, ya fassara sashen rai na littafin zuwa Ingilishi a 2013. Duk mai cewa zaman shawara kayan Turawa ne, sai ya lissafa shekarun da ke tsakanin 934 da haihuwar Freud a 1856.

Abin da Turawan mulkin mallaka suka kawo mana da farko ma kwaɗo da mabuɗi ne. Daga 1897 zuwa 1914, Faransawa na ɗiban masu taɓin hankali daga Senegal a jirgin ruwa su kai su wani gidan mahaukata a birnin Marsai, inda ba mai jin harshensu, kuma mafi yawansu can suka mutu. Sai a 1938 aka yi dokar kafa sashen kula da masu taɓin hankali a yankin Afirka ta Yamma na Faransa. A ɓangaren Ingilishi, an buɗe gidan Yaba a Legas a 1907 cikin wani tsohon ginin ma'aikatar jirgin ƙasa, kuma dokar mahaukata ta 1958 ita ta ci gaba da aiki a Najeriya har Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwa. Manufar waɗannan gidaje ita ce a kawar da mai tayar da hankali daga titi. Wanda ke kuka shi kaɗai cikin ɗaki, ba ya zagin kowa, ba ya jifa, ba ya cikin lissafi.

Daga nan muka gaji tsoro. Har yau sunan sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, Pavillon E, abin zolaya ne a bakin yara, kamar yadda Dawanau take a Kano, Kware kuma a Sakkwato, alhali asibitoci ne da ake jinyar mutane suna warkewa su koma gida. Uba ya gwammace a ce 'yarsa na da aljanu da a ce an gan ta a can, domin mai aljanu tana samun miji. Mu ma kuma ba mu tsira daga laifin ɗauri ba. A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali.

Mutum biyu suka fara buɗe kwaɗon a wannan yanki. Na farko Thomas Adeoye Lambo, likita Bayarabe da ya yi karatu a Ingila. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye su ba majinyata masauki. Kowane maras lafiya ya zo da ɗan'uwansa, uwa ko ƙanwa, ya kwana a ƙauye, da safe ya je asibiti, da yamma ya dawo cikin mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Na biyu Henri Collomb, Bafaranshe da ya kama asibitin Fann a Dakar a 1959. Shi ma ya ce a kwantar da maras lafiya tare da mai jinyarsa, ya kuma kafa wani zama da suka ara daga dandalin ƙauyen Wolof, inda majinyata da dangi da likitoci ke haɗuwa kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Dukansu biyu sun gane abin da tsohuwa a Badagishiri ta sani ba tare da ta je lakwal ba, wato idan ka raba mutum da danginsa ka ƙara masa ciwo.

Shi kuwa zaman mutum biyu a ɗaki, a tarihinsa na zamani, daga Biyana ta ƙasar Ostiriya ya taso. Tsakanin 1880 da 1882 wani likita, Josef Breuer, ya yi jinyar wata budurwa mai suna Bertha Pappenheim, ya lura cewa idan ta ba da labarin yadda wata alama ta fara mata, sai alamar ta yi sauƙi. Shi da Sigmund Freud suka buga labarin a 1895. Hanyar Freud doguwa ce, ta shekaru, ta masu kuɗi, kuma yawancin abin da ya faɗa game da mafarki da ƙuruciya an yi watsi da shi. Wanda aikinsa ya fi kusa da abin da za ku tarar yau shi ne Carl Rogers na Amurka, wanda ya fara aiki da yara masu matsala a birnin Rochester. A littafinsa na 1942 ya kawo ra'ayin da ya zama ginshiƙin sana'ar: mai ba da shawara ba alƙali ba ne, aikinsa ya saurara da gaske, ba tare da tsawa ko wa'azi ba, har mai magana ya ji kansa da kunnensa. A shekarun 1960 Aaron Beck ya ƙara wani abu, cewa mai ciwon damuwa yana da wasu tunani da ke faɗo masa ba sallama, irin su "ba ni da amfani" ko "kowa ya tsane ni", kuma ana iya koya masa ya kama su ya auna su. Wanda ya karanta al-Balkhi ba zai ji wannan baƙo ba.

Malamai 'yan'uwana, wannan sana'a da ƙafar makaranta ta shigo maƙwabtanmu. A 1959, a kwalejin 'yan mata ta St. Theresa a Ibadan, aka gayyato mutane daga waje su ba ɗalibai masu fita shawara kan aikin da za su kama, kuma daga nan abin ya bunƙasa har ya shiga manufar ilimi ta Najeriya a 1977.

Babbar tambaya ita ce ko magana zalla na aiki ga talakan ƙauye wanda damuwarsa hatsi ne da bashi. An gwada. A 2003 aka buga sakamakon wani gwaji a ƙauyukan Masaka da Rakai na Yuganda, inda maza daban mata daban ke zama rukuni-rukuni sau ɗaya a mako har mako 16, ƙarƙashin wani ɗan yankin da aka horar, kuma damuwar waɗanda suka shiga ta ragu ƙwarai fiye da ta waɗanda ba su shiga ba. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da kakanni mata ya zaunar da su a benci a harabar ɗakunan shan magani. A harshen Shona suna kiran ciwon da kalmar da ke nufin yawan tunani, daidai da yadda muke faɗa. Gwajin da aka buga a 2016, mai mutum 573, ya nuna cewa bayan wata shida kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da kakannin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, alhali a ɗaya ɓangaren rabi ne. Zama shida ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da wani tsari a 2016 na zama biyar, ɗaya a mako, kowane minti 90, wanda wanda ba likita ba zai iya koya.

A Nijar, masifa ce ta yawaita mana masu wannan aiki. Bayan hare-haren Diffa na 2015, da kwararowar 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato zuwa jihar Maraɗi a 2019, da kisan mutum 137 a yankin Tillia na jiharmu ta Tawa a Maris ɗin 2021, ƙungiyoyin agaji suka riƙa kawo masu sauraron waɗanda suka ga tashin hankali, suna kuma horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani. Amma ba sai an ji ƙarar bindiga ake shiga damuwa ba. Ƙasarmu ƙasar 'yan bida ce. Akwai matar da mijinta ke Abijan ko Libiya shekara uku ba aike ba waya, akwai saurayin da aka koro ya dawo ba ko dala yana jin kunyar fita ranar Alhamis kasuwa ta ci, akwai yaron da ya fara shan tiramol don ya iya aikin albasa.

To me mutum zai tarar idan ya shiga? Kujera biyu, ko tabarma, da tambayoyi. Zaman farko kusan duka tambaya ne, kuma wasu za su yi kamar ba su da alaƙa da abin da ya kawo ka: yaya barci, yaya cin abinci, wa ke gidan, wa ya rasu, yaushe ka daina jin daɗin abin da ka saba so, kana shan wani abu? Mutanenmu ba su cika cewa "ina baƙin ciki" ba. Cewa suke kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, wani abu na yawo a jikina. Mai ba da shawara na ƙwarai ya san wannan yaren, kuma mai yiwuwa ya fara tura ka a auna jini ko a duba zazzaɓi, ƙarancin jini, maƙoƙo ko farfaɗiya, domin ciwon jiki kan yi shigar damuwa. Shi kansa ba ya rubuta ƙwaya sai in ma'aikacin lafiya ne. Idan ya ga abin ya wuce magana, kamar mai jin muryoyi ko wanda ya kwana biyar bai runtsa ba, wurin likitan ƙwaƙwalwa zai tura shi, kuma wannan ba kora ba ce.

Akwai tambaya ɗaya da ke tayar wa iyaye hankali: ka taɓa tunanin kashe kanka? Wasu na jin kamar an sa wa yaro abin a rai. Binciken masana ya nuna tambayar ba ta shuka tunanin, wanda kuma yake ɗauke da shi yakan ji sauƙi da aka samu mai tambaya. Ku bari a yi ta.

Sai maganar sirri, wadda a nan ne al'adarmu da wannan aiki suka haɗu kuma suka rabu. A gidan Bahaushe yaro ba ya buɗe cikinsa ga mahaifinsa, ɗan fari ma ko sunansa uwa ba ta faɗa. Shi ya sa tun asali muke da mutum na uku: kaka da ake wasa da ita, gwaggo, kawu, ƙawar uwa. Yarinya ta faɗa wa gwaggo, gwaggo ta san yadda za ta isar. Mai ba da shawara ya gaji kujerar gwaggo, amma shi ba ya isarwa. Zai karɓe ku tare da yaron, ya ji ta bakinku, sannan wataƙila ya ce, "Baba, ko za ka ɗan jira mu a waje?" Ba raini ba ne. Abin da yaron ya faɗa zai tsaya a ɗakin, sai fa idan akwai haɗari ga ransa ko ran wani, ko ana cutar da shi, kuma wajibi ne a faɗa muku wannan iyakar tun ranar farko. Uban da ya tsare ɗansa a hanyar gida yana cewa sai ka gaya mini abin da ka faɗa masa, ya rushe zama na biyu tun ba a yi shi ba.

Kada kuma ku jira ya yanke hukunci. Sunansa mai ba da shawara, amma shawarar da yake bayarwa kaɗan ce, kuma wannan na ba dattawa haushi, tunda mun saba babba ya faɗa ƙarami ya bi. Zai taimaka a jera matsalolin, a ware wadda ake iya taɓawa daga wadda ta fi ƙarfin mutum, a zaɓi ɗaya, a tsara ƙaramin mataki na wannan makon. Yakan koyar da numfashi a hankali don lokacin da gaba ke faɗuwa. Yakan ba da aikin gida, mu malamai mun san darajarsa: ki je gidan ƙawarki sau biyu kafin mu sake haɗuwa, ka koma fadar abokanka ko da ba za ka ce komai ba. Wanda ya dawo daga zaman farko ko na biyu ya yi ta kuka, ko ya yi shiru fiye da da, ba lallai abin ya ɓaci ba ne, miki ne aka buɗe don a wanke. Idan an yi zama huɗu ko biyar ba wani motsi, ku faɗa masa kai tsaye, ko a canza hanya ko a canza mutum. Ba ya kuma hana addu'a. Wanda ya san aikinsa zai tambaye ka ma ko sallah da zikiri na cikin abin da ke kwantar maka da rai, ya gina a kai.

Mu a makaranta, inda abin ya fi zuwa mana shi ne faɗuwar 'yan mata. Ɗaya ta ƙwalla ƙara a aji, kafin a ankara biyar sun zube, lakwal ta watse. Ba yau aka fara ba, Kano ta ga irinsa a tsakiyar shekarun 1990 har aka sa wa aljanar suna Sumbuka, kuma kwalejojin Nijar sun sha ganinsa. Akan kira masu ruƙiyya, yara su farfaɗo, a koma aji. Ba ni da ja a kan karatun Alƙur'ani. Abin da ke damuna shi ne bayan ƙura ta lafa ba mai zama da yarinyar da ta fara faɗuwa ya tambaye ta ko an sa mata ranar aure, ko ta karya kafin ta fito, ko gidan da aka ajiye ta don karatu ana sa ta aiki har tsakar dare, ko wani babba na tare ta a hanya. Waɗannan tambayoyi su ne rabin zaman farko, kuma malama mace mai riƙon amana za ta iya yinsu a bayan aji kafin a kai ga neman gwani.

Tunda sana'ar sabuwa ce a wurinmu, 'yan damfara ba za su rasa shiga rigarta ba. Kuna da ikon tambayar mutum inda ya yi karatu da hukumar da yake aiki ƙarƙashinta, nawa ne kuɗin, zama nawa yake hasashe. Yarinya na da ikon neman mace, in babu kuma a zauna inda ana hango su ba a jin su. Wanda ya yi alkawarin warkarwa a yini ɗaya, ko ya ce a daina shan maganin da likita ya rubuta, ko ya ɗaga hannu zai yi duka, ku ɗauki ɗanku ku fita.

Sauran matsalar ita ce nisa. Daga Badagishiri zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne, Kware kuma sai an ƙetare iyaka ta Ƙonni da Illela ta Najeriya, kuma mun ga yadda iyakar ta kasance a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Don haka ƙofar farko ita ce majo na ɗakin shan magani mafi kusa: a faɗa masa dukan abin da ake gani, har rashin barci da yawan kuka, ba ciwon kai kaɗai ba, a tambaye shi wa aka horar a kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Illela, Malbaza, Ƙonni ko Tawa. Idan an samu, tun a zaman farko a lissafa kuɗin mota na zuwa biyar ko shida, a roƙi a riƙa sa ranar da motoci ke tashi daga ƙauyenku, a kuma tambaya ko wasu zaman za su yiwu ta waya.